Kofin Da Ban Sha Ba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin awon katako ne, ba na surutu ba. Amma shafukan baya babu komai, gidan kuma babu wanda zan yi wa magana sai bango. Ni ban shiga aji ba ko na kwana ɗaya. Matata ce ta koya mini baƙi a Littafi Mai Tsarki bayan aurenmu, shi ya sa nake ce mata Malama, ita kuma take ce mini Kafinta. Duk wanda ya ga kuskure a nan ya kai ƙara wurinta.

Yau kwana tara ba ta gidan. Ranar Asabar aka sallame ta daga asibiti, aka wuce da ita gidan Auta. Ba a tambaye ni ba. Auta 'yata ce, ni na haife ta, amma gidan na mijinta ne, Sakataren cocinmu. Kowa ya san ƙafata ba ta taka gidan nan.

Na je asibiti sau uku. Duk zuwan da na yi tana barci, shi kuwa yana zaune a bakin gado kamar shi ya auro ta. In tsaya a ƙofa, in juyo. Don haka kada wani ya ce ban je ba.

Ba ni na fara ba.

Talata, 4 ga wata, da sassafe

Na dafa shayin mutum biyu. Hannu ne ya saba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, a shago

Bari in rubuta yadda aka yi, don in na mutu kada a juya maganar.

Benci arba'in da biyu na yi wa cocinmu da hannun nan, tun ana sujada a ƙarƙashin rumfa. Ban sa ƙusa ko ɗaya ba. Haɗi ne kawai, katako ya shiga katako ya riƙe ɗan'uwansa. A kansu jama'a suka zauna ranar auren Auta. Wata huɗu da suka wuce Sakatare ya miƙe a taron ikkilisiya da takarda a hannu, ya ce bencina sun tsufa, wai gara ta shige su, wai ana tsoron kada su karye da tsofaffi. A kawo kujerun roba. Mutumin da ya zo neman 'yata murya na rawa, shi ne yau yake karanta mini katako a takarda.

Na tashi na ce, muddin ina numfashi ba zan zauna a kan robarka ba, ƙafata kuma ba za ta ƙara taka gidanka ba. Kowa ya ji. Malama ta ja mini riga, ban dube ta ba.

Aka fitar da su aka jibge a bayan coci, mata suka kwashe suka hura wuta. Biyu na tsira da su, suna bayan shago na rufe da buhu. Gara! Shekara hamsin ina aikin katako, ban san gara ba sai ɗan boko ya nuna mini?

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Auta ta kawo abinci. Ta share ɗaki, ta wanke kwanukan da na tara, tana yi tana huci kamar uwarta.

"Baba, ba za ka tambayi jikin Mama ba?"

Na ce, "Ai ga ki, faɗi."

Ta ce hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi har yanzu. Baki ya karkace, magana ba ta fita sai ɗaya-ɗaya. Na ce a dawo mini da matata ɗakinta. Ta ce, "Wa zai ɗaga ta, Baba? Wa zai juya ta? Kai da maganin hawan jininka ma sai an bi ka da shi?"

Ta kai hannu za ta ɗauke kofin da ke kan tebur ta wanke. Na ce ta bar shi. Ta ce ruwan ciki ya yi ƙura. Na ce na gani, idona bai mutu ba. Ta dube ni, ta dubi kofin, ta mayar da shi a hankali inda yake.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Ba wanda ya zo. Na gyara ƙafar teburin wani malamin makaranta. Tabaraun Malama yana kan taga, sun manta da shi. Da me take gani?

Lahadi, 9 ga wata, bayan sujada

Na tsaya a wurina, can baya, jikin bango. Wata huɗu ke nan a tsaye nake sujada. Gwiwa tana kuka, amma kukan gwiwa ya fi kukan robar nan da take yi duk sanda mutum ya motsa.

Fasto ya yi wa'azi a kan mutumin da ya kawo baikonsa, wato hadayarsa ga Allah, gaban bagade, sai ya tuna akwai magana tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ya ce Ubangiji ba ya gaggawar karɓar baikon, a ajiye shi, a je a shirya tukuna. Na ce madalla, yau an taɓo Sakatare. Na zuba masa ido in ga ko kunya za ta kama shi. Sai na ga rabin coci ni suke waiwayowa.

Da aka tashi ya nufo ni. "Baba, ina kwana." Na ce lafiya. Ya ce, "Mama tana..." Na ce ina da aiki. Ranar Lahadi ce, shi ma ya san ba ni da aikin komai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na safe

Shekara arba'in da shida, Malama ce take karatu da safe, ni in yi addu'a. Yau na buɗe Littafin inda ta sa alama, na bi layi da yatsa. Aya huɗu suka cinye mini lokacin da take gama sura. Sai na yi Addu'ar Ubangiji. Da na zo wurin da ake roƙon gafara daidai da yadda muke yafe wa wasu, tari ya sarƙe ni. Ƙurar katako ce.

Maganar kofin nan. Tun muna sababbin aure Malama ta kafa doka a gidan nan, ta ce an hana mu barin rana ta faɗi muna fushi. In mun yi faɗa, kafin rana ta faɗi ɗaya zai kawo wa ɗaya ruwa a farin kofin nan mai baƙin tabo a gindi. An sha, magana ta mutu, ba a sake tono ta. Ba sai an ce yi haƙuri ba. Ruwan ne haƙurin.

Shekara arba'in da shida, ita ce take kawowa. Ni ban taɓa ɗauka ba ko sau ɗaya. Wannan ai ya nuna wa yake da gaskiya a gidan.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Tela ya shigo shago. Tare aka yi mana baftisma, shi ya sa yake ganin yana da lasisin zagina.

"Kafinta, har yanzu kana nan kana gadin girman kai? Wa yake biyanka albashi?"

Na ce ya koma ya ɗinke bakinsa. Na ce ai an koya mana i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. Na faɗi magana a gaban ikkilisiya, ba zan lashe amaina ba.

Ya ce, "A daidai wurin aka ce kada ka rantse sam. Kai ka tsinci rabin da ya yi maka daɗi, ka bar wa Malama ɗaya rabin." Ya zauna a kan buhun da na rufe benci. "In ƙafarka ce ba za ta taka gidan ba, ina da baro. In tura ka har ɗakinta, ƙafa a sama."

Na ce da yaron nan Sakatare ya zo gida ya faɗa mini tun farko, da ba a kai nan ba.

Tela ya daina dariya. Ya ce, "Sau biyu ya zo. Na biyun ina nan zaune. Ka kunna rediyo."

Ban tuna da wannan ba. In ma ya zo, bai iya magana ba ne.

Alhamis, 13 ga wata

Ban fita ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo, ba ta share ko'ina ba. Ta zauna a bakin gadon uwarta.

Ta ce Mama ba ta shan ruwa sosai. Da safe takan ɗan kurɓa. Amma da rana ta yi sanyi sai ta kafe ido a ƙofa, ta yi ta nuna kofi da hannun hagu. In an ba ta sai ta riƙe kawai, ba ta sha, ba ta yarda a karɓa, har duhu ya shigo. Likita ya ce in aka ci gaba a haka za a mayar da ita asibiti, kuma bai yi alkawarin komai ba.

"Baba, ni a gidan nan na girma. Na san kofin nan. Me ya faru?"

Na ce ba a tambayar babba irin wannan.

Ta ce, "To. Amma in wani abu ya sami Mama tana kallon ƙofa, ni ba zan iya kawo maka ruwa ba. Ba ni da zuciyarta."

'Yar da na goya a wuya zuwa coci. Na ba ta tabarau na ce ta kai. Ta ce in kai da kaina. Ta bar shi a kan taga.

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Ban je coci ba. Gwiwa.

Fasto ya biyo bayan sujada. Yaro ne, amma ya iya zama. Bai yi mini wa'azi ba. Ya tambayi yadda ake haɗa katako babu ƙusa, na nuna masa. Ya ce ashe sai an rage wa kowane ɓangare wani abu kafin su shiga juna. Na ce haka ne. Ya dube ni. Na gane inda ya dosa, hannunka mai sanda ne. Na ce masa wanda ya fi kauri shi ake fara ragewa, kuma Sakatare ya fi ni ƙiba.

Ya yi dariya, ya yi addu'a, ya tafi. Gidan ya ƙara yin shiru.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na sami dabara. Zan yi wa Malama kujera mai hannu, wadda za ta dafa ta miƙe, don na san a gidan can babu komai sai roba. Zan yi wa kaina ƙaramar kujera kuma. Da katakon bencina zan yi, kowa ya gani ko ruɓaɓɓe ne. In ma ta kama in je, a kan katakona zan zauna. Ban ce zan je ba.

Na wasa zarto. Rabon da in ji daɗin safiya haka tun kafin abin nan.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Gara.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Daga waje lafiya lau, fenti bai ko tashi ba. Zarto ya shiga kamar yatsa biyu, sai ya faɗa rami. Gari ya zubo mini a ƙafa. Na ce wannan ɗaya ne. Na jawo na biyun, na sa guduma a ƙafarsa a hankali, ƙafar ta buɗe kamar burodi.

A kan wannan na biyun tsohuwar nan mai sanda take zama, layi na uku, kusa da taga. Na san shi da tabon kyandir.

Ba a sami abin kujera ba. Ko ƙarama. Na share garin na zuba a buhu, na kai bayan shago don kada Tela ya gani.

Ya kamata Sakatare ya nuna mini. Ya kawo zarto ya nuna mini, ba takarda ba.

Wai ranar da ya zo rediyo na kunna, in ji Tela.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Rana tana shirin faɗuwa. A wannan lokacin take kallon ƙofa.

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Juma'ar nan kafin a kai ta asibiti, Malama tana tsintar shinkafa, ta ce, "Kafinta, wata huɗu ya isa. Ranar Lahadi za mu ci abinci a gidan Auta." Na ce ba da ni ba. Ta ce almajirin Yesu ba a coci kawai ake gane shi ba, a bakin ƙofar surukinsa ma ana gane shi. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce in gidan ya fi mata daɗi ta tattara ta koma can da zama.

Kafin rana ta faɗi ta zo da kofin. "Sha, Kafinta." Na ce ta ajiye. Ta ce ba a ajiyewa, ka sani. Ta tsaya riƙe da shi, hannu biyu. Ni ina kallon bango. Ta tsaya har hannunta ya fara rawa, ruwan ya ɗan zuba mata a zane. Sannan ta ajiye a kan tebur ta shiga ɗaki.

Da safe na fita shago ban tsaya addu'a ba. Ta kira ni daga ɗaki, na ji, na ja ƙofa.

Sakatare ne ya same ta a ƙasa, kusa da teburin. Ashe duk Asabar yakan zo gaishe ta in ya san na fita. Shi ya ɗauke ta a hannu har bakin titi. Ni ina shago ina goge ƙafar kujerar wani.

Na ce ta koma can da zama. Ga shi ta koma.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Na yi addu'ar har ƙarshe. Ban yi tari ba. Wani abu dabam ne ya zo, ba zan rubuta shi ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na zubar da tsohon ruwan a gindin bishiyar ƙofar gida. Na wanke kofin sau uku. Na sa rigar zuwa coci, na cire, na sake sawa. Na sa tabaraunta a aljihu.

Na kai har kwanar layinsu. Na ga ƙofar, mai launin ganye. Na tsaya wurin mai gyaran keke kamar ina da keke. Na dawo.

Gobe.

Lahadi, 23 ga wata, kusan faɗuwar rana, a gidan Auta

Ina rubutu a kan gwiwa, Auta ta ce rubutuna ya karkace, na ce tebur ne babu.

Na fito da ƙarfe huɗu, kofi a hannu, cike. Ban rufe shi ba, don ita ba ta taɓa rufewa. Ashe tafiya da ruwa a buɗaɗɗen kofi aiki ne. Daga ɗaki zuwa tsakar gida take kawowa, ban taɓa tunanin yana da nauyi ba. Tela yana bakin shagonsa, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga abin da ke hannuna, sai ya cire hula. Kafin in kai, rabi ya zube a takalmina.

Sakatare ne ya buɗe ƙofa. "Baba!" Ya rusuna. Na shirya magana tun daga gida, duk ta gudu. Na miƙa masa kofin. Ya dubi Auta a bayansa, ta ce masa, "Sha kawai." Ya karɓa da hannu biyu ya sha.

Na ce, "Akwai gara."

Ya ce, "Baba, shekara arba'in suka yi suna ɗauke da mu. Robar nan ba za ta yi biyar ba."

Na ce wannan gaskiya ne. Na taka gidan. Ƙasa ba ta tsage ba.

Malama tana jingine da filo uku, fuska ga ƙofa, wani kofin gilashi a hannun hagu. Ta rame. Kitson da ke kanta ba irin nata ba ne. Ta dube ni, ba ta yi mamaki ba, kamar na dawo daga shago ne a makare.

Auta ta cika mini farin kofin. Babu wurin zama a ɗakin sai kujerar roba ɗaya a bakin gado, shuɗiya. Na dubi kujerar, ta dube ni. Gwiwata ba za ta iya durƙuso ba, kuma daga tsaye ba zan kai bakin Malama ba. Na zauna. Ta yi ƙara, kowa ya yi kamar bai ji ba.

Na ce, "Sha, Malama." Shekara arba'in da shida, yau na fara faɗa.

Ta saki na gilashin, Auta ta tare. Ta sa hannun hagu a kan nawa. Na zaci za ta jawo kofin ne, sai ta tura shi wajena. Bakinta ya yi ta kokawa da kalma, har ta fito.

"Kai... tukuna."

Bashi take bi, na ranar Juma'a. Na sha. Ta zuba mini ido har na haɗiye, yadda take yi in ta ba ni magani. Sannan ta buɗe baki, na riƙe mata, ta shanye sauran duka, har ya gangaro mata a haɓa. Auta ta fita da gudu, na ji ta tana kuka a kicin, mijinta yana ce mata a ƙaro ruwa, a ƙaro ruwa.

Na sa mata tabaraunta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi abin da nake zaune a kai. Rabin bakin da yake aiki ya yi murmushi.

Likita zai zo ranar Talata. Ban san abin da zai ce ba, ban kuma tambayi Ubangiji lissafin kwanaki ba. Na roƙe shi safiyar gobe kawai. Surukina ya ce zai shimfiɗa mini katifa a nan. Ni zan yi karatun, aya huɗu, ita ta gyara mini da ido.

Har yanzu ina cewa wannan ba kujera ba ce. Amma ta ɗauke ni, kuma rana ba ta faɗi ba tukuna.